Yadda za ka tare tallan giya kafin ya zauna a wayar ɗanka

Ɗana mai shekara 15 ne ya miƙo mini wayarsa wani dare, yana so in ga wata ƙwallo da aka zura a gasar Zakarun Turai. Kafin bidiyon ya fara sai talla ya shigo: samari da 'yan mata a saman bene, fitilu, kiɗa, kowa na dariya, ga kwalba tana zufa a hannun wanda ya fi kowa kyan sutura. Na yi turus. Shi kuwa ko a jikinsa, babban yatsansa na shawagi a kan gilashin yana jiran daƙiƙa 5 su cika ya tsallake. Na ce, "Kai, ka saba ganin irin wannan?" Ya ce, "Baba, ai kullum ne."

Wannan "kullum ne" ita ta hana ni runtsawa a daren. A gidanmu babu mai sha, babu wanda ya taɓa shigo da kwalba, don haka na daɗe ina ɗaukar maganar giya a matsayin matsalar wasu. Ashe ina kulle ƙofar gida kowane dare, alhali akwai wata a buɗe a ƙarƙashin matashin yarona. Abin da zan zayyana a nan shi ne abin da na yi a watannin da suka biyo baya, har da inda na yi kuskure, don uba ko uwa ko duk mai riƙon yaro ya samu wurin farawa.

Da farko na so in rarrashi kaina cewa talla ai talla ne, yaro mai tarbiyya zai gani ya wuce. Sai na shiga karatu. A 2009 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Peter Anderson suka tattara bincike 13 da aka yi ta hanyar bin matasa tsawon lokaci, matasa fiye da 38,000. A auna yawan tallan da yaro yake gani, sannan a dawo bayan watanni ko shekaru a ga wa ya fara sha. Guda 12 daga ciki suka nuna abu ɗaya: wanda ya fi cin karo da talla ya fi saurin farawa, wanda kuma ya riga ya fara ya fi ƙara yawan abin da yake sha. A 2017 David Jernigan da abokan aikinsa suka duba sababbin bincike 12 da aka yi bayan waɗancan, labarin bai sauya ba. Kuma da yawa daga cikin na farkon a kan talabijin da mujallu da allunan bakin titi aka yi su, lokacin da talla ke tsaye wuri ɗaya sai ka je ka same shi. Na waya kuwa shi ke bin yaro har cikin bargo, kuma yana lura da inda idonsa ya tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan shekara 15 zuwa 19 a duniya suna shan giya, kimanin matasa miliyan 155. A Mayun 2022 ta fitar da rahoto na musamman a kan tallan giya da ke tsallaka iyakokin ƙasashe ta intanet, wanda dokar ƙasa ɗaya ba ta iya kamawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun shekaru. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi hangen abin da zai je ya dawo, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wani babban bincike a Amurka ya gano cewa wanda ya fara sha kafin ya kai 15 ya fi wanda ya jira har bayan 20 haɗarin zama ɗan giya da kusan ninki huɗu. Kowace shekara da ka jinkirta ɗanɗanon farko riba ce.

Ba na cewa talla shi kaɗai ke sa yaro sha. Akwai abokai, akwai abin da yake gani a gida, akwai sauƙin samu, akwai damuwar da yake ɓoyewa. Aikin talla share fage ne. Yana maimaita kwalbar har ido ya saba da ita, ya haɗa ta da dariya da ƙwallo da farin jini, ta yadda ranar da aboki zai miƙo ta, ba baƙuwa ba ce za ta zo.

Kada ka fara da ƙwace wayar

Abin da zuciyata ta ba ni ke nan washegari da safe. Matata ce ta tare ni. Ta ce, "Maigida, in ka ƙwace wannan zai kalla a ta abokinsa, kuma ba zai sake miƙo maka waya ka ga ƙwallo ba." Ta yi gaskiya. Yaron bai nemi tallan ba, tallan ne ya neme shi. Idan ka hukunta shi a kan abin da aka cusa masa, darasin da zai ɗauka shi ne ya riƙa juya fuskar wayar duk lokacin da ka shigo. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Ga abin da ya yi mana amfani. Ka samo takarda da biro, ka zauna kusa da shi, ba gabansa ba, shi ya riƙe wayar. Ka faɗa masa tun farko cewa babu hukunci a wannan zama, kuma ba za ka buɗe saƙonninsa ba, ka kuma cika alkawarin. Ka raba takardar gida uku. Gida na farko na tallan da manhajar da kanta ta rubuta masa cewa talla ne. Na biyu na abin da wani mutum ya wallafa yana riƙe da kwalba ko kofi, mawaƙi ne, ɗan barkwanci ne, mai koyar da girki ne ko abokin makaranta. Na uku na tambari ko launin kamfani a bayan fage, a allon filin wasa, a riga, a hula, a kan tebur. Ya riƙa jan shafin kamar yadda ya saba, kamar minti 20 a kowace manhaja, duk inda giya ta ɓullo a ja layi ɗaya.

Da muka gama, gidan farko ne ya fi ƙaranci. Na biyu da na uku su suka cika. Wannan takardar ita ta nuna mini inda zan sa ƙarfina, ita ce kuma ta buɗe idon yaron, domin shi da kansa ya riƙa cewa, "Baba, ga wani ma," a wuraren da ni ban lura ba.

Shekarar haihuwa, inda laifin ya zama nawa

Kamfanonin da ke da Facebook da Instagram da YouTube suna da ƙa'idar cewa ba a nuna tallan giya ga wanda bai kai 18 ba, a wasu ƙasashen ma sai 21. Tun 2021 kuma Meta, mai Facebook da Instagram, da Google, mai YouTube, suka taƙaita yadda masu talla ke iya auna yara da bayanan abin da suke sha'awa. To me ya kawo wancan tallan wayar ɗana? Da muka buɗe bayanan asusunsa na gani, jikina ya yi sanyi. Yana da shekara 11 ya matsa mini in buɗe masa, manhajar ta ƙi saboda bai kai 13 ba, ni kuma da hannuna na ƙara masa shekaru ya zama ɗan 18. Shekara huɗu sun wuce. A lissafin manhajar, yarona saurayi ne ɗan 22, irin mutumin da duk mai sayar da giya ke nema ruwa a jallo.

Duk wata kariya da aka tanada wa yara a kan wannan lamba ɗaya take rataye. Saboda haka ka fara da ita. Ka shiga saitin kowace manhaja, sashen bayanan mai asusu, ka duba ranar haihuwa, ka gyara. Ka haɗa da asusun Google ko Apple da aka saita wayar da shi, domin shi ne uwa. Wasu manhajojin ba sa barin ka gyara da kanka sai ka aika musu buƙata. Idan abin ya yi tsawo, buɗe sabon asusu da shekarun gaskiya ya fi, ko da yaron zai yi ƙorafin rasa mabiyansa. Gargaɗi ɗaya: idan bai kai 13 ba, kada ka sauya shekarar kai tsaye, za a iya rufe asusun da hotunansa duka. A Google sai ka fara sa shi ƙarƙashin kulawarka ta Family Link, manhajar da iyaye ke kula da asusun yara. A shafukan sada zumunta kuwa, wanda bai kai 13 ba bai kamata ya kasance a ciki ba tun asali.

Ka kuma zagaya gida ka duba sauran na'urori. Talabijin mai intanet, kwamfuta, tsohuwar wayarka da ka bar wa yara, yawanci da asusun babba suke aiki. Duk yaron da ya kalli YouTube a kansu, tallan manya yake gani. Ka buɗe wa yara nasu sashen, ka sa wa naka lambar sirri.

Maɓallan da za ka danna

Wannan aikin yamma ɗaya ne. A asusun Google na manya, wato naka da na duk wanda ke ara wa yara waya, ka buɗe My Ad Center, ka shiga inda ake daidaita tallace-tallace, ka nemi sashen batutuwa masu sarƙaƙiya. Za ka ga giya da caca a jere, ka kashe su biyun. A Facebook da Instagram ka bi ta Accounts Center zuwa zaɓin tallace-tallace, sai batutuwan talla, ka nemo giya ka zaɓi a rage. Ka lura da kalmar: ragewa suka yi alkawari, ba su ce za su kawar gaba ɗaya ba.

A wayar yaron, da zarar shekarunsa sun koma daidai, Instagram zai mayar da shi tsarin Teen Accounts, wato asusun matasa, da aka fara a Satumbar 2024, inda wanda bai kai 16 ba ba ya iya sassauta saitin sai da izinin iyaye. TikTok yana da Family Pairing, wanda ke haɗa wayarka da tasa, ka iya sa iyakar lokaci, ka kuma rubuta kalmomin da ba ka so a nuno masa bidiyon da ke ɗauke da su. Ka rubuta sunayen kamfanonin da kuka gani a takardarku da kalmomin giya a duk harshen da yake kallo da shi. A wayoyin Android akwai Family Link, a iPhone akwai Screen Time.

Sai wanke abin da manhajar ta riga ta koya. Shekara huɗu tana yi wa ɗana kallon babba, kuma ba ta mantuwa da kanta. Ku goge tarihin kallo da na bincike a YouTube. TikTok da Instagram duk suna da zaɓin mayar da shafin shawarwari sabo fil. Daga nan ka koya masa ɗabi'a ɗaya mai sauƙi: duk bidiyon da giya ta fito, ya danna ɗigo ukun nan ko ya danne bidiyon, ya zaɓi cewa ba ya sha'awa, ya wuce da sauri. Kada ya tsaya yin sharhi ko da na zagi ne, kada ya tura wa aboki don su yi dariya. Manhajar ba ta bambance so da ƙi, tsayawarka take ƙirgawa, kuma duk abin da ka tsaya a kai za ta ƙaro maka.

Sunayen waɗannan wurare suna sauyawa duk lokacin da aka sabunta manhaja, don haka in ba ka ga abin a inda na ce ba, ka rubuta kalmar talla ko iyali a gurbin bincike na saitin.

Abin da maɓalli ba ya kamawa

Bayan mako biyu muka sake zama da takarda. Gidan farko ya kusa zama fayau. Na biyu da na uku sun ragu amma suna nan. A nan ne na gane cewa na yi mai sauƙin, mai wuyar yana gaba.

Ɗauki ƙwallo. Giyar Heineken ta daɗe tana cikin masu ɗaukar nauyin gasar Zakarun Turai, giyar Budweiser kuma tana tare da gasar cin kofin duniya tun 1986. Duk yaron da ya kalli taƙaitaccen wasa a waya, sunan yana yawo a allon gefen fili, yana bayan ɗan wasa lokacin hira. Manhaja ba ta ɗaukar wannan a matsayin talla, ƙwallo ce a wurinta. Har a ƙasashen da suka yi doka ana samun hanyar zagayewa. Faransa tana da dokar Évin tun 1991, wadda ta hana tallan giya a talabijin da ɗaukar nauyin wasanni. Da aka yi gasar ƙasashen Turai a can a 2016, giyar Carlsberg ba ta rubuta sunanta a allon fili ba. Kalmar "Probably" ta sa, farkon takenta, da irin rubutunta a kan koren launinta. Duk wanda ya san kwalbar ya gane. Na nuna wa ɗana hoton allon, na tambaye shi, "In ba su san cewa launi da rubutu kaɗai sun isa ba, za su kashe kuɗi a kan wannan?" Ya yi shiru yana kallo.

Sabuwar hanya kuma ita ce giyar da aka cire wa abin sa maye. Suna iri ɗaya, kwalba iri ɗaya, launi iri ɗaya, sai ɗan 0.0 a gefe. Da ita aka shiga wuraren da da ba a shiga, har gasar Olamfik ta Paris a 2024, inda Corona Cero ta zama cikin manyan masu ɗaukar nauyi. Babba mai son daina sha zai iya amfana da irin wannan abin sha, ban musa ba. Amma a idon yaro, sunan ne ke shiga, ba ƙaramin rubutun gefe ba. A Yunin 2021 ɗan wasan Faransa Paul Pogba ya zauna taron manema labarai bayan wasan Faransa da Jamus, ya tarar da kwalbar Heineken a gabansa, ya ɗauke ta ya ajiye ƙasa ba tare da ya ce uffan ba. Irin mai 0.0 ɗin ce ma. Wannan gajeren bidiyo ya yi mini aikin da wa'azin sa'a guda ba zai yi ba, domin yaro ya ga wanda yake girmamawa ya ƙi a yi talla da fuskarsa.

Sai masu tarin mabiya. Mawaƙi yana murnar zagayowar ranar haihuwarsa, kwalbar tana tsakiyar tebur, tambarin yana fuskantar kyamara daidai wa daida. Mai barkwanci ya gama ba da dariya ya ɗaga kofi. Ƙasashe da dama sun wajabta a rubuta cewa an biya, amma sau da yawa rubutun ƙarami ne, ko an binne shi a ƙarshen dogon jerin kalmomi, ko babu shi sam. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne ya sa abin ya zama kamar rayuwarsa ce kawai yake nunawa. Wannan ya fi tallan fili haɗari, domin yaro yana da garkuwa a kan talla, ba shi da ita a kan mutumin da yake ji kamar abokinsa ne.

Kada kuma ka ce matsalar ta maza ce. Ƙanwar ɗana mai shekara 13 ba ta kallon ƙwallo, amma da muka yi zaman takarda da ita, a bidiyon kwalliya da na haɗa abin sha masu launi muka riƙa ja mata layi. Ruwan hoda, ƙanƙara, yankan 'ya'yan itace, kofi mai dogon wuya, ba ka ma jin an ambaci giya sai ka lura da kwalbar da aka tsiyaya a tsakiya.

A nan sai hannu. Ku bi jerin waɗanda yake bi, ɗaya bayan ɗaya. Shafukan kamfanonin giya a fita daga cikinsu, babu ciniki. Mutanen da kusan duk bidiyonsu da kwalba, ku tattauna, ka bar shi ya yanke hukuncin wasu da kansa. Riga ko hula ko murfin waya mai tambarin giya kada ya zauna a gidan, ko kyauta aka ba shi, domin bincike ya sha nuna cewa yaran da ke da irin waɗannan kaya sun fi saurin fara sha.

Koya masa karanta talla

Wannan shi ne abin da zai tafi da shi inda ba ka nan, don haka a nan na fi daɗewa. Matashi zai iya jure faɗa, zai iya toshe kunne ga nasiha, amma ba ya ƙaunar a raina masa wayo. Ka kama ta nan. Maimakon ka ce giya za ta kashe shi, wanda ya riga ya ji sau ɗari, ka nuna masa cewa akwai mutanen da ake biya albashi don su nazarci irinsa su san inda za su taɓa.

Muna tsayar da bidiyo mu yi masa tambayoyi. Wa ya biya kuɗin wannan? Me suke so in ji a raina kafin in ga kwalbar? Wa aka sa a ciki, kuma me ya sa shi? A Birtaniya ƙa'idar talla ta ce duk wanda zai taka muhimmiyar rawa a tallan giya sai ya kai 25, kuma kamanninsa su nuna haka. To amma duba rayuwar da ake zanawa: 'yanci, abokai da yawa, babu mai ce maka dawo gida, kowa na son zama kusa da kai. Mafarkin ɗan shekara 15 ke nan, ba na magidanci ba.

Tambayar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta ƙarshe: me aka yanke daga hoton? Talla kullum a farkon dare yake ƙarewa. Ba ya nuna ƙarfe uku, ba ya nuna amai, ko faɗa, ko motar da ta bar hanya, ko yarinyar da ta farka ba ta san abin da ya faru da ita ba, ko bidiyon da abokai suka ɗauka suka watsa. Ba ya faɗin cewa tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa giya a rukuni na farko na abubuwan da ke haddasa cutar, rukuni ɗaya da taba, ko cewa tana da hannu a ciwon daji aƙalla iri 7, ciki har da na mama da hanta da hanji. Ba ya faɗin mutum miliyan 2.6 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi ajalinsu a 2019. Na ba shi waɗannan alƙaluma sau ɗaya, a natse, ban maimaita ba. Abin da na maimaita shi ne tambayar.

Akwai ƙarya ɗaya da ya kamata ka warware masa da baki, domin ita ce ginshiƙin sauran: cewa kowa na sha. Ka koma kan lissafin can na farko. In kashi ɗaya cikin huɗu na sa'anninsa suna sha, to kusan uku cikin huɗu ba sa sha. Waya ce ke sa masu sha su yi kamar su ne duniya, saboda wanda ya kwana lafiya a ɗakinsa ba ya ɗaukar bidiyon hakan.

Ku kuma gwada amsar da zai bayar ranar da aka miƙo masa. Kada ka raina wannan. Yaro da yawa ba sha'awa ce ke kai shi ba, rashin abin cewa ne a gaban abokai. Amsar ta zama gajeriya, babu dogon bayani, babu wa'azi: "Ni ba na sha." "Ina da atisaye gobe." Na ce masa in ta kama ya jingina laifin a kaina, ya ce babana ba ya barci sai na dawo. Irin wannan hira ta fi tafiya a mota, ko ana tafiya a ƙafa, ko ana hutun rabin lokaci, inda ba sai kun haɗa ido ba. Minti 5 sau goma ya fi zaman sa'a guda da zai riƙa duban ƙofa.

Ka duba kanka ma. Idan kana sha, yana ganin yaushe da dalili, musamman in kana cewa gajiya ko ɓacin rai ne suka sa. Idan ba ka sha amma kana tura bidiyon mashayi yana tangaɗi kana ƙyaƙyata dariya, wannan ma saƙo ne.

Idan ka gano ya riga ya ɗanɗana

Ka jira fushinka ya sauka, shi ma ya dawo hayyacinsa, sannan ku yi magana. Ka tambayi yaushe, da wa, sau nawa, me ya ji kafin ya karɓa. Hukunci yana da wurinsa, amma in ya zo kafin sauraro, gaskiyar da ka samu yau ita ce ta ƙarshe. Idan abin ya maimaitu, ko ka ga karatu ya ja baya, barci ya rikice, kuɗi na ɓacewa, abokai sun sauya gaba ɗaya, ka kai shi wurin likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Sau da yawa akwai wata damuwa a ƙasa.

Abu biyu kuma ya kamata kowane matashi ya sani ko da bai taɓa sha ba. Na ɗaya, kada ya shiga motar wanda ya sha, ya kira ka ko ƙarfe nawa ne, kuma ka yi masa alkawarin ba za a yi faɗa a daren ba. Na biyu, idan aboki ya sha har ba ya farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko jikinsa ya yi sanyi, ba a barinsa wai barci zai warware. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa komai, kada a watsa masa ruwan sanyi, a nemi asibiti nan take. Tsoron kada iyaye su ji ya sa an yi asarar yara.

Kai ƙara, ko da sau ɗaya

Idan tallan giya ya sake fitowa a asusun da shekarunsa ke daidai, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka kai rahoto ta cikin manhajar, ka kuma aika wa hukumar da ke kula da tallace-tallace a ƙasarku. Ka tayar da maganar a taron iyaye na makaranta, domin wayar abokinsa ma tana shafarsa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Doka tana iya motsawa. Norway ta hana tallan giya tun 1975. Finland a 2015 ta hana kamfanoni amfani da wasanni da gasa da abin da mabiya suka wallafa wajen tallata giya a shafukan sada zumunta. Lituweniya a 2018 ta hana tallan gaba ɗaya, har da na intanet, ta kuma ɗaga shekarun saye zuwa 20.

Mu dai yanzu Asabar ta farkon kowane wata muke zama da takardar, saboda sabunta manhaja kan dawo da abin da aka kashe, kuma yara ba sa rabuwa da sauke sababbi. A zaman da ya wuce muna kallon taƙaitaccen wasa, ɗana ya tsayar da bidiyon ya nuna gefen fili da yatsa. Ya ce, "Baba, dubi allon can. Ba su rubuta suna ba, amma su ne." Ya ja layi a gida na uku. Ƙanwarsa ta karɓe biron, ta ce wata mai zuwa ita za ta riƙe.